Caji ba waya, amma wutar ta wa ce? Tarihin kuran daga Katsina zuwa Gazawa

Yau tarihi za mu taɓa, tarihin wutar lantarki, wato kuran. Abin da ya jawo maganar shi ne labarin da ke yawo a wayoyi na motoci masu aiki da batir, waɗanda ake yi wa caji, ko sharji kamar yadda muke cewa a nan, ba tare da an jona musu waya ba. Direba ya tsayar da mota bisa wani faranti da aka shimfiɗa a ƙasa, ya kashe ta, ya tafi harkarsa, kafin ya dawo batir ya cika. Wasu sun ce ƙarya ce. Wasu sun ce, mu da fanka ba ta kwana tana juyawa a watan Afrilu, ina ruwanmu? To, abin gaskiya ne, kuma da ruwanmu. Farantin nan da ke ƙasa waya ce ke kawo masa wuta, kowace waya kuma tana da mafari. Tamu mafarinta yana ƙetaren iyaka, kuma ta Gazawa take shigowa.

MOTA MAI BATIR BA BAƘUWA BA CE

Da yawanmu mun ɗauka motar lantarki ƙirar jiya-jiya ce. Alhali mota ta farko da ta wuce gudun kilomita 100 a awa ɗaya mai batir ce. Wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, shi ya tuƙa ta kusa da birnin Paris a watan Afrilu na 1899, shekarar da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasar nan yana ƙone garuruwa. A wajen 1900, kusan kashi ɗaya cikin uku na motocin da ke Amurka masu batir ne.

Me ya kayar da ita? Kuɗi da hanya. A 1908 kamfanin Ford ya fito da Model T, mota mai shan mai, mai araha. A 1912 aka fara sa wa motocin mai makunnin tayar da inji, direba ya huta da murza ƙarfe da hannu. Mai ya yi arha, ana iya ɗaukarsa a tano a kai ko'ina. Ita kuwa mai batir ba ta iya nisa da garin da ke da wuta, kuma a lokacin ƙauyukan Amurka ma ba su da ita. Ku riƙe wannan, don darasinmu ne: motar lantarki ba ta wuce inda wayar wuta ta tsaya.

Shi ma tura wuta ba waya tsohon ilimi ne. A 1831 wani Baturen Ingila, Michael Faraday, ya gano cewa in aka naɗe waya aka saka mata wuta mai canzawa, wata naɗaɗɗiyar waya da ke kusa za ta ɗauki wuta ko da ba su taɓa juna ba. Ƙarfin maganaɗisu ne ke tsallakawa tsakaninsu. Wannan dabarar ce ke cikin kowane taransifo da kuke gani rataye a kan poto a bakin kasuwa: naɗi biyu ne a ciki, ba sa taɓa juna, amma wuta na wucewa. Nikola Tesla ya so ya kai abin nesa. A 1901 ya fara gina wata doguwar hasumiya kusa da New York da burin aika saƙo da wuta ta iska, kuɗi suka ƙare, aka rushe ta a 1917.

Abin da ya yi nasara shi ne na kusa-kusa. A farkon shekarun 2000 aka fara cajin motocin bas ta wannan hanya a biranen Turin da Genoa na ƙasar Italiya. A 2007 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka kunna ƙwan fitila mai wat 60 daga nisan mita biyu ba waya. A 2013 birnin Gumi na Koriya ta Kudu ya sa motocin bas da ke shan wuta daga ƙarƙashin kwalta suna cikin tafiya. A 2020 aka fitar da ƙa'idar da masu ƙera ƙananan motoci za su bi, mai ƙarfin da ya kai kilowat 11. A watan Nuwamba na 2023 birnin Detroit ya buɗe wani guntun titi, kimanin mita 400, mai cajin mota tana gudu.

Yadda abin ke aiki ba wuya. Naɗin waya ɗaya a cikin farantin ƙasa, ɗaya a ƙarƙashin cikin mota, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya. Wutar da ke cikin na ƙasa tana juyawa sau dubu 85 a daƙiƙa ɗaya, na sama ya kama, a mayar da ita irin wadda batir ke sha. Idan motar ta tsaya daidai kan farantin, kimanin kashi 90 cikin ɗari na wutar yana isa. Sauran yana tafiya a zafi.

WAYAR DA TA ZO DAGA KUDU

Yanzu mu dawo gida. An kafa kamfanin NIGELEC a 1968, shekarar da Najeriya ta gama gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, kogin da ya ratsa Yamai kafin ya shiga ƙasarsu. Kafin nan da bayan nan, manyan garuruwanmu da injinan gazuwal suke samun wuta, kowane gari da santiral ɗinsa, ga tsada, ga jiran tanka. Da wutar Kainji ta samu, sai gwamnatocin biyu suka ƙulla ciniki. A 1976 aka kunna layin farko mai ƙarfin kilobolt 132 daga Birnin Kebbi zuwa Yamai. Jami'an Najeriya sun sha faɗa a bainar jama'a cewa dalilinsu na sayar mana da wuta shi ne kada mu datse kogin daga sama mu rage wa Kainji ruwa.

Mu na tsakiya sai da muka jira shekara goma sha takwas. A 1994 layi na biyu ya shigo daga Katsina, shi ma mai kilobolt 132, ya sauka a Gazawa. A nan ne ya rabu biyu: reshe ɗaya ya yi gabas zuwa Damagaram, ɗaya ya yi yamma ya ratsa ƙasar Agye zuwa Maraɗi. Daga baya, a shekarun 2010, aka ja shi daga Maraɗi zuwa Malbaza, ya bi ta ƙasar Gidan Rumji. Wato sassan nan uku da muke magana a kansu duka suna kwance ƙarƙashin igiya ɗaya.

A lokacin da layin ya zo, Gazawa tana ƙarƙashin Agye. Sai a 2011 ta samu nata perefe. Amma tun kafin ta zama departama, ita ce mararrabar wutar jihohi biyu masu yawan jama'a. Fankar da ke juyawa a Birni na Damagaram da injin niƙa da ke kuka a Maraɗi, wutarsu ta gaisa da Gazawa kafin ta isa.

Sai dai manomin da turakun ƙarfen suka tsaya a gonarsa ya san wani abu da taswira ba ta nunawa. Waya mai kilobolt 132 ba a saukar da ita cikin gida. Sai an rage ƙarfinta a babbar tasha, a ja ƙaramin layi, a kafa taransifo, a ja wayar unguwa, sannan mai gida ya biya kuɗin kwantar. Kowane mataki kuɗi ne. Garuruwan bakin babbar hanya sun samu. Ƙauyuka da dama da ke jin gunjin wayar da dare ba su samu ba. Inuwar giginya kenan, na nesa ka sha. Alƙaluman Bankin Duniya na ƴan shekarun nan sun nuna kimanin mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wuta a Nijar, a karkara kuwa abin ya yi ƙasa da haka sosai.

Jama'a ba su zauna jira ba. Bayan fitilar ƙwai da tocila, sai aka shiga zamanin batirin mota. A ɗora shi a bayan keke ko amalanke ranar kasuwa, a kai gari a yi masa caji, a dawo da shi ya kunna tele na kwana uku ko huɗu. Da salula ta zo, sai ga rumfunan masu caji da ƙaramin gurub, waya hamsin jere a kan tebur, kowace da lambarta. Yau panno ya hau rufin shago da na masallaci. Duk wannan abu ɗaya ne: wutar da waya ba ta kawo ba, batir ya ɗauko ta. Saboda haka idan aka ce mana mota batir ce mai ƙafa huɗu, mun riga mun san zancen.

AGUSTAN 2023

Kowa ya san abin da ya faru ranar 26 ga Yuli, 2023. Ranar 30 ga wata ƙungiyar CEDEAO ta sa takunkumi, a farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar. A lokacin kimanin kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga can take zuwa. Turakun suna tsaye a Gazawa, wayoyin suna nan, taransifo lafiya lau, amma babu kome a ciki.

Ba sai mun tuna wa kowa yadda aka ji ba. Mai walda ya zauna. Mai ƙanƙara ya rufe firigo. Tela ya koma keken ƙafa. Ƴan lakol sun yi bita da hasken salula, salular ma sai an bi layi wurin mai caji. An koma ga injinan gazuwal da rabon wuta unguwa-unguwa. CEDEAO ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu, 2024, wuta ta dawo a watan Maris. Kimanin wata bakwai kenan.

Ba a nan kaɗai darasin ya tsaya ba. A watan Oktoba na 2024, ba rikicin siyasa, ba takunkumi, manyan layukan da ke kai wuta arewacin Najeriya suka lalace, har da na Shiroro zuwa Kaduna wanda aka yi wa ɓarna. Kano da Katsina suka kwana fiye da mako a duhu. Layin da ya fito daga Katsina ba zai kawo mana abin da Katsina ba ta samu ba. Mu da Katsinawa dangi ne, aure da kasuwa da zumunci sun haɗa mu tun kafin a ja iyaka, kuma ba wanda ke cewa a daina ciniki da maƙwabci. Amma mai aron guga ya san ranar da mai guga ke ban ruwa, shi jira zai yi.

A cikin watannin nan na duhu aka kunna tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 kusa da Yamai. Ta rage wa mutanen Yamai wahala, mu ba ta iso mu ba, domin layin yankin kogi dabam, namu na tsakiya dabam. Haka madatsar Kandaji, wadda aka aza harsashinta a 2008 da burin megawat 130, tana can yamma kuma aikinta bai ƙare ba. Abin da ke namu ɓangaren shi ne injinan mai, da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018.

ƊAN TASAWA DA YA KALLI SAMA

Akwai wanda ya hango wannan tun da daɗewa, kuma a maƙwabtanmu aka haife shi. Farfesa Abdu Mumuni Dioffo, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, an haife shi a Tasawa a 1929, ƴar tafiya kaɗan daga Gazawa a kan babbar hanya. Masanin kimiyyar fizik ne. Ya jagoranci ONERSOL, ofishin binciken makamashin rana na ƙasa, daga 1969 zuwa 1985. A ƙarƙashinsa aka ƙera na'urorin ɗumama ruwa da murhun girki masu aiki da rana a nan cikin Nijar. A shekarun nan kuma ƙasarmu tana cikin na farko a duniya da suka yi amfani da farantin hasken rana wajen kunna telabijin na koyarwa a makarantun karkara. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu, 1991, shekara uku kafin wayar Katsina ta sauka a Gazawa.

A zamaninsa panno yana da tsada ƙwarai, wutar Kainji kuma tana da arha, sai lissafin kuɗi ya rinjayi nasa hangen. Yau lissafin ya juya. Farashin panno ya faɗi warwas a duniya, har ana sayar da shi a kasuwar ƙauye kusa da mai tabarmi. Rana kuwa tana nan yadda ya bar ta: kowane murabba'in mita na ƙasarmu yana samun abin da ya kai kilowat-awa 5 zuwa 7 a yini. Masu lambu a gulbin Maraɗi wajen Tsibiri da masu noman rani a gulbin Kaba sun fara gane haka, ana ƙara ganin famfon ban ruwa mai aiki da rana inda da sai injin mai.

Matsalar rana ɗaya ce, kowa ya san ta: tana faɗuwa. Lokacin da muka fi son wuta, daga magariba zuwa tsakar dare, ita ta tafi. Sai an samu wurin ajiya. A nan ne maganar mota ta shigo.

MOTA A MATSAYIN RUMBU

Mu yi lissafi da abin da muka sani. Faranti ɗaya na caji mai kilowat 11 yana jan wutar da za ta juya fanka fiye da 150. Tashar Malbaza duka, da rana tsaka tana cikin ƙarfinta, mota ɗari shida da ƴan kai za ta iya ɗauka a lokaci ɗaya. Idan motoci irin waɗannan suka yi yawa, kowa ya dawo gida da magariba ya hau farantinsa daidai lokacin da ake kunna fitilu da tele, taransifon unguwa ne zai fara ƙonewa. Motar da aka ce ta zo rage mana kashe kuɗin mai sai ta zama sabon baki a kan ƙaramin akushi.

Amma akwai ɗaya fuskar. Batirin mota matsakaiciya yana ɗaukar kilowat-awa 40 zuwa 60. Gidan da ke da ƙwan fitila huɗu, fanka biyu, tele da ƙaramin firigo bai cika wuce kilowat-awa 4 ko 5 a yini ba. Ke nan mota ɗaya cikakkiya za ta iya riƙe gidan nan sama da mako guda. Kuma mota ta fi daɗewa a tsaye da a kan hanya.

Wani malamin jami'ar Delaware a Amurka, Willett Kempton, ya yi rubutu a kan haka tun 1997: a bar mota ta sha wuta lokacin da take da yawa, ta mayar wa layi lokacin da ake ƙaranci. Ana kiran tsarin V2G. Bayan girgizar ƙasa da ta afka wa Japan a 2011 ta katse wuta, kamfanin Nissan ya fitar da na'ura a 2012 wadda ke bai wa motarsa Leaf damar kunna gida. Batirin ta na lokacin kilowat-awa 24 ne, sun ce zai riƙe gidan Bajapane kwana biyu.

Mu manoma ne, mun san wannan tsarin da wani suna. Da kaka ake cika rumbu, da bazara ake buɗewa. Bankunan cimaka da aka kafa a ƙauyukanmu bayan shekarun yunwa, ai haka suke aiki: a saya lokacin yalwa, a fitar lokacin ƙunci. Tsakar rana ita ce kakar wuta, magariba ita ce bazararta.

To ina amfanin caji ba waya a cikin wannan? Rumbun da ba a haɗa shi da layi ba, ba ya taimakon kowa. Mutum yana mantuwa, yana ƙyuya, ba kullum zai jona waya ba. Amma idan tsayawa kawai ta isa, duk motar da ke tasha tana jiran fasinja ta zama a haɗe. Ga kuma ƙurar hunturu da ruwan damina da ke cinye bakin waya, farantin da ke rufe bai damu da su ba. Nasa matsalolin dabam: ya fi tsada, yana zubar da wuta kaɗan fiye da waya, kuma ƙusa ko gwangwani da ya faɗa tsakani yana iya yin zafi, shi ya sa ake sa masa na'urar da ke kashe shi in ta ji ƙarfe. Mayar da wuta daga mota zuwa layi ta hanyar farantin kuwa har yanzu yawanci gwaji ake yi, ko a ƙasashen da suka ƙirƙiro shi.

ABIN DA ZAI FARA ISO MU

Kada mu ruɗi kanmu, titi mai caji ba shi ne zai fara zuwa Cadwa ko Gangara ba. Abin da ke ƙofa shi ne moto da adaidaita masu batir. Tun 2022 kamfanin Spiro ya baza motoci masu ƙafa biyu na lantarki a Benin da Togo, inda ɗan kabu-kabu ke ajiye batirin da ya ƙare ya ɗauki cikakke cikin ƴan mintoci. A Maiduguri wani matashi, Mustapha Gajibo, ya yi suna wajen mayar da ƙananan bas masu aiki da batir da hasken rana. A Sakkwato, a watan Afrilu na 2021, aka buɗe tashar cajin mota mai aiki da rana a jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a lokacin da Jelani Aliyu, Basakkwacen da ya zana motar Chevrolet Volt, yake shugabantar hukumar ƙera motoci ta Najeriya. Habasha kuwa a 2024 ta hana shigo da ƙananan motoci masu shan mai gaba ɗaya, don tana da wutar madatsarta.

Mai ma ya koya mana nasa darasin. Shekara da shekaru kwalaben isansi na bakin hanya daga Najeriya suke cika. Da aka cire tallafin mai a can ranar 29 ga Mayu, 2023, sai kwatar ta juya. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage lita zuwa sefa 499, dala ɗari ba tamma guda, amma a watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai, duk da matatar SORAZ da muke da ita tun 2011. Ɗan kabu-kabu da ya kwana a layi ba sai an yi masa dogon wa'azi a kan batir ba. Ranar da farashi ya yi masa daidai, zai saya.

Shi ya sa ya kamata a yi maganar tun yanzu, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abin da muke ganin ya dace a tambaya.

Na farko, ga magadan gari da ƙungiyoyin direbobi: duk wanda ya zo neman wurin kafa tashar caji ko ta musayar batir, a tambaye shi ina zai samu wutar. Idan daga layin unguwa zai ja da dare, ya zo ya rage mana ne. Idan ya zo da pannonsa, ya cika batir da rana, ya ƙara mana.

Na biyu, ga hukumar ARSE mai sa ido a kan makamashi da kuma NIGELEC: muna da dokar lantarki tun 2016, to a fito a bayyana wa talaka, da Hausa, ko mai panno ko mai batir zai iya mayar da rarar wutarsa cikin layi, da wace irin kwantar, kuma nawa za a biya shi. Ba mai zuba hatsinsa a rumbun da bai san yadda za a auna masa ba.

Na uku, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo da makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi: makanikan da suka iya kabureta su ne za a kai wa moton batir in ya lalace. Batirin litiyam ba ya son zafi irin namu na watan Afrilu da Mayu, in aka yi masa ganganci yana kama wuta, in ya mutu kuma ba a jefa shi a juji inda awaki ke kiwo. A koyar da su tun kafin kayan su cika kasuwa.

Na huɗu, a fara da inda rai yake. CSI da ke ajiye allurar rigakafi, ɗakin haihuwa, famfon ruwan gari. Idan wata ƙungiya ko ƴan gari da ke waje za su sayi motar ɗaukar marasa lafiya mai batir, a nemi wadda ke iya ba da wuta, ta yi aiki biyu: ta ɗauki mai naƙuda, in ta dawo ta kunna fitilar ɗakin.

Shekara talatin da suka wuce an kawo mana waya, muka yi murna, kuma ta yi mana rana. Abin da ba a tambaya ba a lokacin shi ne, in aka kashe daga can, me ke hannunmu? Amsar ta zo a Agustan 2023. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yanzu wata sabuwar fasaha tana tafe, kuma wannan karon muna da lokacin tambaya kafin a kafa turaku.

Dattawan Gazawa da na Agye da suka ga lokacin da ake kafa turakun nan a gonaki, da ma'aikatan da suka yi aikin, muna roƙon ku ba mu abin da kuka gani da idonku, don a ajiye shi saboda na baya. Za mu karanta shi a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya bar zumunci. Mu kwana lahiya.